Ƙullin da Na Yi a Hanyar Yanbu

Kada wanda ya tambaye ni yadda na bar gida. Na bar shi kamar yadda kowa ke barinsa, da jaka ɗaya da alkawari goma. Sunana Audu, daga wani ƙauye a ƙasar Kano. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, ba don na gaza ba, malamin ne ya gaji. In kun ga rubutun nan ya karkace, ku kai ƙara wajensa, yana kwance a maƙabartar garinmu ta gabas.

Sana'ata ɗaurin buhu. A kasuwar hatsi na tashi, a gaban mahaifina, mutumin da in ƙwayar gero ɗaya ta zubo daga bakin buhun da ka ɗaure, sai ya ƙwanƙwasa maka yatsu da basilla. Ƙulli iri biyu ya koya mini. Akwai zarge, wanda ja ɗaya ke kwance shi, na buhun da za a buɗe yau. Akwai kuma ƙullin tafiya, na kayan da za su yi nisa a bayan mota. Shi wannan in ba wuƙa ba, sai haƙuri.

Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya ce aikin kula da gonar dabino zan yi a Madina. Ga inuwa, ga ruwa, kana zaune kana jiyo kiran sallar Harami. Da na sauka Jidda na tarar da wani mutum riƙe da kwali, an rubuta wani abu mai kama da sunana. Ya karɓi fasfona ya sa a aljihu, ya nuna mini bayan mota. Na ce, "Madina?" Ya ce, "Insha Allahu." A ranar na fara gane cewa insha Allahu iri-iri ce a ƙasar nan, kuma wadda aka ba ni ba ta yau ba ce. Muka yi ta tafiya har na fara jin warin kifi, na hango teku a hagu, ga wasu dogayen bututu suna ci da wuta a sama. Na ce a raina, lallai Madina ta canja tun bayan labarin da aka ba mu a makarantar allo.

Yanbu ce. Gonar dabinon kuwa wani sito ne na shinkafa da sukari, mai rufin kwano, wanda da azahar ko ƙarfen ƙofarsa ba ka iya taɓawa. Kafilina, wato mutumin da takarduna ke hannunsa, ba mugu ba ne, ina faɗa ne tsakanina da Allah. Kawai dai idonsa bai bambanta mutum da buhu sosai ba, sai dai shi buhu ba ya neman hutu. Abokan aikina 'yan Bangaladash ne da Yamalawa. Mutanen kirki, suna ba ni barkono, ina ba su dariya. Amma wata bakwai na yi babu wanda ya ce mini sannu da harshen da uwata ke ce mini sannu.

Sai wata kyanwa ta zo. Toka-toka ce, kunnenta na hagu a tsage. Ranar Lahadi na fara ganinta, na sa mata suna Ladi. In na zauna cin wake da gurasa a bayan sito, sai ta zo ta zauna nesa kaɗan, kamar baƙuwar da ke jin nauyi. Da Hausa nake yi mata magana, kuma na rantse tana ji, don in na yi mata Larabcina na dole sai ta juya kai. Ita na ba labarin matata Hansatu, da 'yar da na baro tana rarrafe. Ita na gaya wa ina jin tsoron in mutu a nan a binne ni da sunan da ke kan kwalin nan. Da azumi ya zo tare muke shan ruwa, ko da yake ita ban taɓa ganin ta ɗauki azumin ba.

Ta haifi 'ya'ya huɗu a kan buhunan shinkafa na can ƙurya. Na ɓoye su kwana ashirin. Sai wani mai kanti ya dawo da buhu guda, ya ce yana warin fitsari. Kafili ya zo da kansa, ya leƙa ƙuryar, ya juyo.

"Ya Abdu, bissa barra. Ba'id, ba'id!"

Wato in fitar da kyanwar, in kai ta nesa inda ba za ta dawo ba.

A safiyar nan ce wata babbar mota ta zo lodin shinkafa zuwa Madina. Direban ya diro, baƙi siriri, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai, wannan goshin ai na Kanawa ne. Wa ya sayar mini da bawa har nan ban sani ba?"

Mahaman ke nan, mutumin Damagaram, abokin wasanmu mu Kanawa. Na rungume shi ina kuka ina zaginsa. Kafili ya ɗauka mun san juna, sai ya ce in bi shi in taya shi sauke kaya a Madina, in yar da kyanwar a hanya. Ku duba fa. A rana ɗaya an ba ni Hausa, an ba ni Madina. Farin ciki ya toshe mini kai.

Ban kama Ladi ba. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini. Da na bi ta da gudu, da ta yage ni, da wataƙila mun yi ragas. Kan kifi na sa a cikin buhu, na buɗe bakinsa, na ce, "Zo mana, Ladi." Ta dube ni, ta shiga. Na ɗauko 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya na sa mata. Niyyata in yi zarge, in mun sami wurin da ke da masallaci da gidan abinci in ja igiya su fita. Amma Mahaman yana ta ba ni labarin wani Bakano da ya sayi raƙumi makaho, ina ta dariya, hannuna kuwa yana aikinsa shi kaɗai. Kaya ne za su yi nisa a mota. Hannun ya yi abin da aka koya masa.

Mun wuce rabin hanya, rana ta take, duwatsu baƙaƙe ta ko'ina kamar an ƙone duniya an manta ba a share ba. Buhun yana tsakanin ƙafafuna, yana motsi, ƙananan suna kuka. Mahaman ya ce kukan ya ishe shi, ya gangara gefen titi.

"Sauka ka sake su nan, bawana."

"Nan ai ba ruwa, ba mutane."

"Akwai wata ruga bayan dutsen can. Kyanwa ce fa, za ta gano."

Na sauka da buhun, na ja igiya. Ba ta zo ba. Na duba, ashe ƙullin tafiya na yi. Na sa farce, na sa haƙori. A lokacin ne Mahaman ya leƙa madubi ya ƙwala ihu.

"Shurɗa, 'yan sanda! Yalla, jefa ka hau! Kana da iƙama a jikinka?"

Ba ni da ita, takardar zaman tana aljihun kafili tare da fasfo. Na hango wata mota can baya da fitila tana walƙiya a kanta. Na jefa buhun. Ya gangara cikin kwari, ya daki wani dutse, ya tsaya. Yana motsi na hau mota.

Motar ta zo ta wuce mu. Ta masu gyaran hanya ce.

Na ce mu koma. Mahaman ya ce titin ba a juyawa sai an yi tafiya mai nisa, ga masu kaya suna jira. Ya kunna rediyo. Daga nan har Madina ba wanda ya sake tsokanar wani. Na shiga garin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, garin da na yi shekara da shekaru ina mafarkinsa, na hango koriyar ƙubba, mutane na kuka don shauƙi. Ni kuwa ba abin da ke cikin kunnena sai kukan 'yan kyanwa huɗu.

Ban koma Yanbu ba. Na sulale na zama ɗan takari mara takarda, irin waɗanda ke jin tsoron inuwarsu. A Bi'ir Ali na yada zango, wurin da mahajjata ke ɗaura harami kafin su nufi Makka. Wani tsoho daga Hausawan Sudan, mai sayar da shayi, ya ba ni tabarma a bayan rumfarsa, bai taɓa tambayata daga ina ba. Abin da kawai yake cewa shi ne, "Sha shayi, ya walad, duniya ba ta gudu." Allah ya jiƙansa. Aikina ɗaure wa mahajjata kaya da cusa su a cikin manyan motoci. Ka wuni kana kallon mutane cikin fararen ƙyalle biyu suna hawa mota suna tafiya, ba mai dawowa ta nan. In rana ta yi zafi sai ka rasa ko tashar mota kake ko wani wuri dabam.

A nan abin ya fara. Ina cikin jera jakunkuna sai in ji kuka, siriri, daga can ƙasan kaya. In tsaya, ya tsaya. Wata rana na ji shi sosai a jakar wani Baturke. Ban yi shawara da kowa ba, na zaro wuƙa na farke jakar. Takalman yara ne, irin masu ƙara in an taka, ya saya wa jikarsa. Mutumin ya yi ta magana da harshensa har jijiyar wuyansa ta tashi. Tun daga ranar ba na fita sai da wuƙa a aljihu, kuma ba don kowa ba sai don igiya.

Da shekaru suka tafi, wani mai sayar da dabino ya ga yadda nake ɗauri, ya nemo tsohon kafilina, suka daidaita, takarduna suka dawo hannunsa, na kama aiki a shagonsa. Na zama mutum mai iƙama, ina zuwa gida ina dawowa, 'yar da na baro tana rarrafe har ta ba ni jikoki. Sai hannuna na dama ya fara rawa. Likita ya ce sukari ne da tsufa. To amma kakata ta gaya mana tun muna yara cewa duk wanda ya kashe kyanwa, hannunsa sai ya yi karkarwa kafin ya mutu. Likita yana da takardu a bango, kakata ko ɗaya ba ta da ita, amma ta riga shi faɗa da shekara sittin. Akwai kuma ranar da na zauna karatu a Harami, malamin ya kawo zancen matar nan da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Na tashi na fita. Sai da na isa shago na lura ba takalmi a ƙafata.

Shi Mahaman muna haɗuwa, a ɗaurin aure ko jana'iza. Ya bar tuƙi, ya yi tumbi, yana kula da wata gonar dabino a bayan gari. Ya ce mini bawa, in ce masa bawa. Shekara ashirin da 'yan kai, ko sau ɗaya buhun nan bai shigo bakinmu ba.

Wata rana wata mata ta zo shago, babba, da sanda, ta ce da Larabci tana neman kwalayen da ba a so. Da ta ji na yi wa wani magana sai ta juya harshe.

"Ashe namu ne. Baba, kwali nake so, kabir kabir, manya-manya."

"Hajiya, gida za ki gina da shi?"

"Aiwa. Gidan marayu."

Ummu Faisal ake ce mata. A nan aka haife ta, kakanninta da ƙafa suka zo daga Katsina, shekara bakwai suna hanya. Hausarta kamar tuwo da miyar Larabawa, amma tana ƙosarwa. Na ce marayu ai sai a kai musu da kai, na ɗora kwalayen a ka na bi ta har unguwar Sih. Ta buɗe ƙofar wani tsohon hoshi, irin gidan nan mai faffaɗan tsakar gida. Na sa ƙafa, sai idanu suka juyo kaina. A kan katanga, a ƙarƙashin bishiyar kurna, a cikin tayoyi. Kyanwoyi sun fi hamsin. Mai ido ɗaya, mai ƙafa uku, wadda aka ciro daga injin mota. Ba wadda ta yi kuka. Kallona kawai suke yi, kamar an daɗe da kiran shari'ar, ni ake jira.

Na so in ajiye kwali in gudu. Hajiya ta ce, "Tunda ka zo, ɗebo mini ruwa." Shekara uku ke nan ina ɗebo ruwan.

Gidan nan ba na Hajiya kaɗai ba ne, na unguwa ne, ko da yake rabin unguwar ba su yarda sun sani ba. Mahauci yana aiko da tarkacen nama yana cewa don kada ya yi wari ne. Masu gidan abinci na kan kwana suna tara ragowar kaza. Wata likitar dabbobi tana zuwa ranar hutunta ta yi musu allura da aikin hana haihuwa. Matan unguwa suna kawo tsofaffin barguna, su tsaya a bakin ƙofa suna cewa, "Ke dai Ummu Faisal ba ki da aikin yi," sannan su tambayi jikin mai ƙafa ukun nan. Akwai takardar izini ta hukuma manne a bango, don a ƙasar nan ko tausayi sai da hatimi. Ni kuma aka naɗa ni ministan kwali da ruwa. Ban taɓa gaya wa Hajiya dalilin zuwana ba. Ta ɗauka ina son kyanwa ne. Ni kuwa tsoronsu nake ji.

Bara magada suka sayar da hoshin, za a rushe a yi bene. Hajiya ta sami wani ɗan fili a bayan gari, amma ba rufi, kuma ba zai ɗauki fiye da marasa lafiya da tsofaffi ba. Sauran talatin da wani abu sai an samo musu gidaje. Shugaban leburorin da za su yi rusau ya zo duba wuri, mutum mai fara'a. Ya ce wa Hajiya kada ta damu, duk abin da ya rage ranar Asabar yaransa suna da buhuna, za su kai su bayan gari su zubar. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, har yana dafa ƙirji.

Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar, za a yi taron taimako a hoshin. Matan unguwa suka kwana biyu suna shiri. Aka yi masa da miyar taushe, aka yi fura, aka yi kunun tsamiya, mahauci ya kafa tukubar tsire, abin da 'ya'yan nan ke kira sire suna tsammanin kakanninsu Larabawa ne suka ƙirƙiro shi. Abin da aka samu na rufin sabon wuri ne. Wani ya yi alkawarin kwano, wani ya kawo tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki a bayan mota, wani mai walda ya ce aikin ƙofa nasa ne. Ni kuma na kwana huɗu ina saƙa kwanduna masu murfi da ganyen dabino, don wanda ya ɗauki kyanwa ya sami abin kai ta gida. Na ce ko buhu ɗaya na gani a gidan nan, ni da mai shi ne.

Saboda bakina, aka ce ni zan yi shela. Na hau kan wani tulin bulo, na ɗaga wani jibgegen muzuru.

"Jama'a, ga Alhaji Babba! Haifaffen Madina, bai taɓa neman iƙama ba. Ba ya shan taba, ba ya riƙe waya. Wa ke son suruki irin wannan?"

Aka yi dariya. Na ɗaga mai ido ɗaya na ce wannan ba ta ganin aibin mutane sai rabi. Aka sake dariya, aka ɗauki hotuna, aka ci masa har ta ƙare. Zancen rufi ya kammala tun kafin rana ta yi sanyi. Amma kwanduna suna nan a jere, biyar kawai aka ɗauka, su ma 'yan matan Larabawa ne da suka gani a waya.

Namu kuwa kowa da hujjarsa. Wata ta ce, "Ya ammi, gidanmu duk kafet ne." Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Malam Audu, mu fa a wajenmu ba a ɗaukar kyanwa a kai ta gida kamar akuya. Ita ke zaɓar gida, ta zo da ƙafarta. Ka bar su, Allah ne ke ciyar da su." Aka ce gaskiya ne, haka muka taso muka gani. Mutane suka fara neman takalmansu.

Na dubi Hajiya, ta zauna a kan kujera ta sunkuyar da kai a kan sandarta. A ƙarƙashin kujerar akwai wata kyanwa da aka kawo makon nan da 'ya'yanta uku. Ba toka-toka ba ce, ja ce, kunnuwanta lafiya lau. Amma ta ɗago kai ta dube ni irin kallon baƙuwar da ke jin nauyi.

Na ce, "Ku dakata, saura labari ɗaya."

Suka tsaya suna murmushi, suna jiran abin dariya. Na ba su labarin Yanbu. Na gaya musu kan kifin, na gaya musu yadda na ce zo mana, ta zo. Ban faɗi sunan direba ba, ko da yake ina ganinsa can wajen tukuba da tsinken tsire a hannu. Na ɗaga hannuna na dama sama don kowa ya ga yadda yake yi.

"Baba ya ce kyanwa da ƙafarta take zuwa. Gaskiya ne. To ta cikin buhu fa, da wace ƙafar za ta zo? Gobe da safe masu buhu za su shigo gidan nan. Ba mugaye ba ne, nima ba mugu ba ne. Sauri kawai za su yi."

Har kitsen da ke ɗiga a wuta ana ji. Na sauko daga kan bulo ina jin kamar na tuɓe riga a kasuwa.

Mai kafet ce ta fara. Ba ta dube ni ba, ta ɗauki kwando ta ce wa Hajiya, "Hati, ba ni mai ido ɗayan." Dattijon nan ya yi ta gunaguni, ya ce shi dai ba ɗauka ya yi ba, rakiya ce, ya tafi da Alhaji Babba. Mai walda ya ɗauki biyu don ɓerayen garejinsa. Hajiya tana tambayar kowa inda yake zaune, tana gargaɗi kamar mai ba da amanar 'ya'ya. Kafin a kira magariba kwanduna sun ƙare sai ɗaya. Jar nan ce ta rage da 'ya'yanta, don ba mai son baki huɗu a lokaci guda, Hajiya kuma ta ce ba za a raba su ba. Ni ɗakin da nake kwana mu shida ne, mai gidan ko tsuntsu bai yarda da shi ba.

Sai na ji mutum a bayana. Mahaman ne. Bai ce mini bawa ba.

"Audu, na tsaya fa."

"A ina?"

"A wurin. Da zan koma Yanbu, kwana uku bayan nan. Na ajiye mota, na tsallaka titi, na gangara."

Na ce, "Ka gan shi?"

"Yana nan jikin dutsen. Ƙullinka na nan yadda ka yi shi, ko motsi bai yi ba. Amma buhun a yage yake ta gefe. Ba komai a ciki."

"Ba ƙashi? Ba gashi?"

"Ba komai."

"Daga ciki aka yaga, ko daga waje?"

Akwai karnukan daji a wannan hanyar, ni da shi duk mun sani.

"Ban duba ba. Tsoro na ji, na hau mota."

"Shekara ashirin, Mahaman. Ba ka gaya mini ba."

"Kai ma ba ka tambaya ba. Na ɗauka ka manta, na ce don me zan tuna maka."

Ya share hannunsa a jikin riga, ya juya wajen Hajiya ya ce gonar da yake kula da ita tana da ɓeraye da inuwa da ruwa, a ba shi jar da 'ya'yanta duka.

Da safe ya zo da ƙaramar motarsa. Na sa su a kwandon, na zauna a gaba na ɗora shi a cinya. Hanyar gonar ta Bi'ir Ali take bi, ta ɗauki titin Yanbu kaɗan kafin ta ratse. Mahaman ya miƙo mini igiya.

"Ɗaure murfin, kada su fito mana a mota."

Na ce a'a. Na dafe murfin da hannun nan nawa, yana rawa, murfin yana rawa. Muna wuce masu fararen harami uwar ta turo kai ta gefen murfi, ta shinshina yatsuna, ta koma. Haka muka je.

Kada wani ya ce muku hannun ya daina rawa, bai daina ba. Sabon wurin Hajiya ya sami rufi, ina zuwa ɗebo ruwa, jar kuma ta yi ƙiba a gona har Mahaman na cewa ta fi Kanawa ci. A shago kuwa mai gidana ya gaji da ƙorafi, wai kwalayen da na ɗaure suna kwancewa tun kafin a kai filin jirgi. Na ce masa tsufa ne. Zarge kawai nake yi yanzu.

Akwai wani abu kuma da ban gaya wa ko Hajiya ba. Na sami buhunan shinkafa irin na wancan sito, ina ajiye da su a bayan shago. In rana ta take, ciniki ya tsaya, sai in ɗauko ɗaya in zura hannu ciki, in tanƙwara yatsu, in yi ta yaƙushinsa daga ciki iya ƙarfin da nake jin uwa mai 'ya'ya huɗu za ta yi. Wata rana yana yagewa. Wata rana ba ya yagewa.